Charles Kingsley: Limamin Da Tausayinsa Ya Tsaya A Bakin Teku

A cikin watan Oktoba na shekarar 1849 wani limamin coci mai shekara 30 da haihuwa ya shiga birnin Landan, abokansa suka yi masa jagora zuwa wata unguwar talakawa da ake kira Jacob's Island, a kudancin kogin Tems. A shekarar nan da wadda ta gabace ta annobar kwalara ta kashe mutum wajen dubu 14 a Landan kaɗai. Abin da ya tarar a unguwar shi ne gidajen katako sun jingina da juna a bakin wani babban lambatu, wanda ruwan kogi kan shiga ya fita. Masai na kowane gida a kan lambatun nan aka kafa shi, kuma daga cikinsa ne mata kan zura guga su ɗebo ruwa, su ajiye shi ya kwanta, sa'an nan su sha su yi girki. Limamin ya koma masauki hankalinsa a tashe, ya rubuta wa matarsa abin da ya gani. Bai tsaya nan ba, shi da abokansa suka yi ta fafutikar a riƙa kai wa unguwar ruwa mai tsabta a kan amalanke, suka yi ta buga ƙofofin manya.

Sunan wannan limami Charles Kingsley. Turawan Ingila sun san shi da littafin yara da ya rubuta a kan wani yaro mai share bututun hayaƙi, sun kuma san shi da tsaya wa teloli da leburori a zamanin da limamai irinsa suka fi son cin abinci a teburin masu ƙasa. Amma mutanen Jamaika da na Ailan suna da nasu labarin a kansa, kuma ba mai daɗi ba ne. Wanda duk ya karanta rabin labarin ya bar rabi bai san mutumin ba.

An haife shi ran 12 ga Yuni 1819 a ƙauyen Holne, cikin lardin Devon. Ubansa ma limamin coci ne na ɗarikar Angilika. Uwarsa kuwa 'yar gidan Turawan nan ce masu gonakin rake a tsibirin Barbados, gonakin da bayi baƙar fata suke nomawa, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, don za a komo kansa. Yana ɗan shekara 12, a makaranta kusa da birnin Bristol, ya ga tarzomar 1831 da idonsa, ya ga gine-gine suna ci da wuta, ya ga gawawwakin da suka ƙone. Daga baya ya ce abin ya sa ya daɗe yana ƙyamar talakawan birni kafin ya gane abin da ke tunzura su. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya gama a 1842, aka tura shi ƙauyen Eversley a lardin Hampshire ya zama mataimakin limami. A 1844 ya zama limamin wurin, a shekarar kuma ya auri Fanny Grenfell, wadda danginta masu kuɗi ba su so auren ba. A Eversley ya zauna har mutuwarsa.

Ƙauyen da ya gada a lalace yake. Limamin da ya riga shi bai kula da kowa ba, ranar Lahadi gidan giya ya fi coci cika, kuma da wuya a sami babban mutum cikin leburorin gona wanda ya iya karatu. Kingsley ya buɗe makarantar dare a gidansa, ya kafa ɗakin aron littattafai, ya shirya wani irin adashi na sayen gawayi da takalma. Yakan shiga gida-gida, ya zauna bakin gadon mara lafiya. Mutum ne dogo, siriri, mai i'ina, sai dai in ya hau mumbari i'inar kan sake shi. Yana son kamun kifi da hawan doki, ga shi da shan taba har an ce yakan ɓoye lofe a cikin ciyayi nan da can a ƙauyen, don kada sha'awa ta kama shi a hanya ba shiri. Ba shi da haƙuri, kuma ba ya iya ganin ɓarna ya yi shiru. Wannan hali shi ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya ja masa yawancin wahalarsa.

Shekarar 1848 ce ta fito da shi fili. A wannan shekara juyin juya hali ya girgiza Faransa da sauran ƙasashen Turai, a Ingila kuma ma'aikata suka taru a ƙarƙashin wata takardar buƙatu mai sharaɗi shida, babbansu a ba kowane namiji baligi ikon jefa ƙuri'a, a kuma riƙa jefa ta a asirce. Ran 10 ga Afrilu suka yi gangami a filin Kennington don kai takardar koke majalisa. Gwamnati ta tsorata, ta ɗora tsaron birni a wuyan tsohon jarumin nan Wellington, ta rantsar da dubban 'yan sandan wucin gadi. Kingsley ya hau jirgin ƙasa ya zo Landan don ya gani, ya iske taron ya watse cikin ruwan sama ba tare da an zub da jini ba. A wannan rana ce ya haɗu da wani matashin lauya, John Ludlow, ta hannun malaminsu Frederick Maurice. Su ukun nan su ne ginshiƙin abin da aka kira gurguzun Kirista, wato ra'ayin cewa addini bai yarda a bar ciniki ya zama kokawar da mai ƙarfi ke danne mara ƙarfi ba, kuma gama kai ya fi gasa.

Kada a ɗauka ɗan tawaye ne. Takardar da ya rubuta aka manna a bangayen Landan bayan taron ta yarda cewa an zalunci ma'aikata, amma ta gargaɗe su cewa ƙuri'a kaɗai ba za ta 'yanta su ba sai sun gyara halinsu. Yana son sarauta, yana girmama masu ƙasa, abin da yake nema shi ne su tuna cewa akwai haƙƙin talaka a wuyansu. Duk da haka, a Ingila ta wancan zamani wannan ma ya isa a kira mutum mai ta da fitina. A 1851 aka gayyace shi ya yi wa ma'aikata wa'azi a wata coci a Landan. Yana gamawa sai limamin cocin ya miƙe a gaban jama'a ya ce bai yarda da yawancin abin da aka faɗa ba. Bishop na Landan ya hana shi wa'azi a birnin, sai da ya karanta wa'azin da kansa sa'an nan ya janye hanin.

Aikinsa mafi ƙarfi a waɗannan shekaru a kan teloli ne. A 1849 wani ɗan jarida, Henry Mayhew, ya fara buga rahotanni a jaridar Morning Chronicle game da yadda matalautan Landan ke rayuwa, Kingsley ya karanta na teloli ya kasa barci. Yadda abin ke tafiya shi ne, babban kanti ya ba ɗan kwangila ɗinki a kan farashi kaɗan, ɗan kwangila ya cire nasa ya miƙa wa na ƙasa da shi, wannan ma ya cire nasa, har aikin ya iso hannun tela ba sauran abin kirki. Telolin kan kwana su tashi a ɗaki guda a gidan ɗan kwangilar, shi ke sayar musu da abinci da tsada, har bashi ya ɗaure su, wasu ma sun jinginar da rigunansu ba su da abin da za su sa su fita. A 1850 ya fitar da wata 'yar ƙasida da sunan aro, Parson Lot, inda ya tona wannan ciniki na tufafi masu araha, ya kuma taimaka aka kafa ƙungiyar gama kai ta teloli, wadda masu ɗinki ke raba ribar aikinsu. A shekarar dai ya buga ƙagaggen labarinsa Alton Locke, labarin wani tela mawaƙi wanda ya shiga gwagwarmayar ma'aikata har ya sha ɗauri.

A cikin littafin nan akwai wurin da ya fi kowane zama a zuciyar mai karatu. Wani tela da talauci ya haukata ya kai Alton ɗakinsa a bakin irin lambatun nan na Jacob's Island, ya nuna masa gawar matarsa da ta 'ya'yansa, an lulluɓe su da wata sabuwar kwat da ake cikin ɗinkawa, don babu wani mayafi a ɗakin. Kwat ɗin nan aka ƙarasa aka kai kanti, wani ɗan'uwan Alton mai son araha ya saya don bikin aurensa, zazzaɓin da ke jikinta ya kashe shi. Labarin yana da rauni a wurare da yawa, wa'azi ya yi masa yawa musamman wajen ƙarshe, amma wannan wuri ba ya bukatar wa'azi. Attajirin da ke tsammanin katangar gidansa ta raba shi da cutar matalauci, ashe a jikinsa yake saye da ita.

Daga nan har ƙarshen ransa maganar tsabta ta zama kamar rabin addininsa. A lokacin, in annoba ta sauka, al'ada ce a sa ranar azumi da addu'a a ce hukuncin Allah ne. Kingsley bai musa hukuncin Allah ba, amma ya yi wa'azi cewa laifin da ake hukuntawa shi ne ƙazanta da kwaɗayin masu gidajen haya waɗanda suka ƙi haƙa magudana, don haka tuba ita ce a gyara magudanar. A 1860, da ruwan sama ya yi yawa aka umarci limamai su roƙi a ɗauke shi, shi sai ya hau mumbari ya tambayi jama'arsa ko sun tabbata ruwan nan ba rahama ba ne da ke wanke lambatu yana kore annoba. Kamar yawancin mutanen zamaninsa, ya fi zargin wari da gurɓatacciyar iska. Likita John Snow ne ya nuna a 1854 cewa ta ruwan sha kwalara ke yaɗuwa. Amma maganin da Kingsley ya yi ta kira a kai, wato ruwa mai kyau da magudana, shi ne dai maganin. Haka kuma da Charles Darwin ya aiko masa da littafinsa kan asalin halittu a 1859, yana cikin limaman farko da suka karɓe shi hannu biyu, ya amsa cewa bai ga abin da ya rage wa Mahalicci girma a ciki ba, har Darwin ya sa maganar a bugu na biyu ba tare da ya ambaci sunansa ba.

Sannu a hankali mai ta da fitina ya zama ɗan fada. A 1859 Sarauniya Biktoriya ta naɗa shi cikin limamanta, a 1860 ya zama farfesan tarihi a Kambirij, ya kuma koyar da Yarima mai jiran gado. Littafinsa Westward Ho! na 1855, labarin jaruman teku na Ingila da yaƙinsu da Sifaniyawa, ya karɓu har aka sa wa wani gari a Devon sunansa. A 1864 ya yi karo da wanda ya fi ƙarfinsa, da ya zargi John Henry Newman da limaman Katolika da rashin ɗaukar gaskiya da muhimmanci. Newman ya mai da martani da littafi sukutum a kan tarihin imaninsa, wanda har yau ake karantawa, Kingsley kuwa ya fita daga muhawarar da kunya.

Littafin da ya rayar da sunansa shi ne The Water-Babies, wato jariran ruwa, wanda ya fito a 1863. Don autansa Grenville ya rubuta shi. Gidajen Ingila suna da murhun ɗumama ɗaki, hayaƙin gawayi yana fita ta wani matsattsen bututu da aka gina cikin bango har saman rufi, kuma in kunkunniya ta taru a ciki takan kama wuta. Babba ba ya iya shiga, saboda haka masu sana'ar shara sukan samo ƙananan yara, galibi marayu, su tura su ciki suna rarrafe da gwiwa da gwiwar hannu cikin duhu. Wasu kan maƙale su mutu, wasu cutar daji ta kama su tun da ƙuruciya. Majalisa ta hana wannan tun 1840, amma dokar a takarda ta tsaya. Tom, yaron labarin, irin waɗannan yara ne. Ya ɓata hanya a cikin bututan wani babban gida, ya sauko a ɗakin wata yarinya, Ellie, inda kome fari ne fat, ya hangi kansa a madubi, ya ga baƙi ƙirin, kunya ta kama shi. Aka ɗauke shi ɓarawo aka bi shi, ya gudu har bakin rafi, ya shiga don ya wanke jikinsa, nan ya nutse ya zama jaririn ruwa. Shekara guda bayan fitowar littafin, a 1864, majalisa ta sake kafa wata doka mai tsanani a kan sana'ar, kuma ana ganin littafin ya taimaka wajen motsa zukatan mutane.

To, a nan ne ya kamata a dakata. Baƙin Tom na kunkunniya ne, ruwa na wanke shi, a ƙarƙashinsa ɗan Ingila ne kamar Ellie. Duk tausayin Kingsley a kan wannan ya ginu: talakan Ingila ɗan'uwa ne da datti ya rufe, a ba shi ruwa da makaranta ya koma mutum. Amma wanda ba ɗan gida ba fa? A cikin littafin yaran nan kansa akwai habaici da izgili ga mutanen Ailan, da Yahudawa, da baƙar fata, abin da ya sa masu buga shi a baya-bayan nan sukan datse wurare da dama.

Ana iya cewa gani ya kori ji, wato ya ji tausayin waɗanda ya shiga ɗakinsu ne, na nesa kuwa labarinsu kawai ya ji. Wannan uzuri bai tsaya ba. A 1860 ya je Ailan kamun kifi, shekaru kaɗan bayan yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan guda a ƙasar. Ya bi hanya ya ga matalauta da idonsa, irin idon da ya ga matan Jacob's Island. A wasiƙar da ya aika wa matarsa ya kwatanta su da birai, ya ce ba laifin Ingila ba ne, ya kuma ƙara da cewa da baƙaƙe ne da abin bai dame shi haka ba. Idon ɗaya ne, amma wannan karon bai ga 'yan'uwa ba.

Babban gwajin ya zo daga Jamaika. An soke bauta a can tun cikin shekarun 1830, amma 'yantattun ba su da ƙasar noma, haraji ya yi musu nauyi, kotuna kuma suna hannun masu gonaki. Wani dattijon cocin Baftis, Paul Bogle, ya taɓa yin tattaki mai nisa da jama'arsa don kai kuka ga gwamna, ba a saurare su ba. Ran 11 ga Oktoba 1865 ya jagoranci ɗaruruwan mutane zuwa kotun Morant Bay, dakaru suka buɗe wuta, jama'a suka ƙone kotun, aka kashe mutane daga kowane ɓangare. Gwamna Edward Eyre ya kafa dokar soja. Kafin a ɗage ta an kashe mutum 439, an yi wa kimanin 600 bulala har da mata, an ƙone gidaje wajen 1,000. An kama George William Gordon, ɗan majalisar tsibirin mai sukar gwamna, a birnin Kingston inda dokar soja ba ta aiki, aka kai shi Morant Bay aka rataye shi. Bogle ma aka rataye shi.

Labarin ya raba masanan Ingila gida biyu. John Stuart Mill ya jagoranci masu neman a gurfanar da Eyre a gaban shari'a, tare da Darwin da Thomas Huxley, da kuma Thomas Hughes da John Ludlow, abokan Kingsley na ƙut da ƙut tun zamanin teloli. Thomas Carlyle da John Ruskin da wasu suka tsaya wa gwamnan. A watan Agusta 1866 Eyre ya sauka a Southampton aka shirya masa liyafa, Kingsley ya halarta, ya miƙe ya yabe shi a kan cewa shi ne misalin jarumtar Bature ɗan Ingila. A daren nan talakawan garin suna can suna nasu taron na la'antar gwamnan. Waɗanda ya yi wa yaƙi shekara 18 da suka wuce sun gane nasu a mutanen Morant Bay, shi kuwa bai gane ba. Ludlow ya yanke abota da shi. Kingsley bai ƙara cewa kome a fili kan batun ba, bai kuma janye abin da ya faɗa ba.

Mene ne ya rufe masa ido? Gidan uwarsa na Barbados yana ciki, don ya taɓa gaya wa Hughes cewa 'yanta bayi ya talauta danginsa. Akwai kuma son jarumi mai ƙarfin hannu da ya koya daga Carlyle, wanda tun 1849 ya sa shi kare James Brooke a kan kisan da aka yi wa mutanen Borneo, ya kuma sadaukar masa da Westward Ho! daga baya. Sau da yawa akan ce ai kowa haka yake a zamanin. Amma Mill da Ludlow da Hughes a zamanin suka rayu, jaridu ɗaya suka karanta da shi, adadin gawawwaki ɗaya suka gani. Eyre bai taɓa fuskantar hukunci ba, har fansho aka ba shi. Jamaika kuwa, bayan ta sami mulkin kai a 1962, ta sa Bogle da Gordon cikin gwarzayen ƙasa, kuma ginin majalisarta sunan Gordon yake ɗauke da shi.

A ƙarshen 1869 Kingsley ya cika burinsa na ƙuruciya, ya tafi tsibirin Trinidad, ya komo ya rubuta littafi wanda yabon itatuwa da tsuntsaye ya fi yawa a cikinsa. Ya riƙe muƙamin coci a Chester, inda ya riƙa fita da ɗaruruwan mutanen gari daji yana koya musu sanin duwatsu da tsirrai, sa'an nan a 1873 aka ba shi muƙami a babbar cocin Westminster. A 1874 ya zaga Amurka yana lacca, ciwon ƙirji ya kwantar da shi a Colorado, ya dawo gida bai warke sarai ba. A ƙarshen shekarar matarsa ta kwanta ciwo har aka fid da rai. Ya yi ta fita daga ɗakinsa cikin sanyi yana zuwa wurinta, ciwon huhu ya kama shi, ya rasu ran 23 ga Janairu 1875 yana da shekara 55. Ita kuwa ta warke, ta rayu shekara 16 bayansa, ita ce ma ta tattara wasiƙunsa ta buga. An nemi a binne shi a Westminster, iyalinsa suka zaɓi Eversley. Wakilin Yarima ya halarci jana'izar, leburorin ƙauyen su ma suka zo.

Bai yi wata guda a kabari ba, a cikin Fabrairu 1875, aka tura wani yaro mai suna George Brewster, wanda bai wuce shekara 12 ba, cikin bututun hayaƙin wani asibiti a Fulbourn, kusa da Kambirij. Ya maƙale, aka fasa bango aka ciro shi, ya cika ba da daɗewa ba. An ɗaure ubangidansa wata shida. Shaftesbury, dattijon majalisar da ya shafe shekaru yana wannan yaƙi, ya ɗauki maganar, a shekarar nan aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane mai sana'ar ya karɓi lasisi daga 'yan sanda, aka kuma ɗora musu alhakin sa ido. Daga nan ne aka daina tura yara cikin bututu, shekara 12 bayan fitowar labarin Tom.